Ƙirgen Haƙora: Yadda Gwanin Bakanike Ke Zaɓar Aksul

Duk matashin da ya ɗauri aniyar haɗa mota da hannunsa, hankalinsa kan tafi ga inji da bodi da fenti. Gwanin bakanike kuwa ƙarƙashin mota yake fara dubawa, can baya inda wani dunƙulen ƙarfe yake zaune tsakanin tayoyi biyu. Wannan shi ne difarenshal, zuciyar aksul ɗin baya, kuma shi ne ke yanke hukuncin ko motar za ta ja kaya ko za ta yi gudu.

Aikinsa biyu ne. Na farko, yana karɓar juyin da ya fito daga giyabos ta farfela, wato dogon ƙarfen da ke bin cikin mota, ya karkata shi zuwa tayoyi, tare da rage saurinsa don ƙarfi ya ƙaru. Na biyu, yana barin kowace taya ta yi gudunta a kwana. Wanda ya ga shanun huɗa suna juyawa a ƙarshen kunya ya san na waje ya fi na ciki taku. Haka tayar waje take, kuma ƙananan giyoyin da ke ciki su ke raba musu tafiya ba tare da ɗaya ta ja ƙasa ba.

Tambayar farko da gwani zai yi ita ce: ina motar za ta riƙa bi, kuma me za ta ɗauka? Wadda za ta yi jigila a kwaltar Daura zuwa Kano ta Kazaure daban take da wadda za ta kwaso buhunan gero daga ƙauyukan Baure da Zango, ko ta nufi kasuwar Mai'adua ta cikin rairayi. Sai ya sami amsa sannan ya nufi 'yan gwangwan, ko ya tashi takanas zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, inda ake samun aksul na Hilux da Hiace da tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot 504.

A can ba ya sayen komai da ka. Zai sa a buɗe, ya ɗauki alli ya yi wa haƙori ɗaya alama, ya ƙirga na babban faifan da ake kira kirawun, sannan na ƙaramar giyar da ke juya shi, wato finiyan. In kirawun na da 41, finiyan na da 10, farfela za ta juya sau 4.1 kafin taya ta kewaya sau ɗaya. In 39 ne da 8, lissafin ya kusa 4.9: ƙarfi ya ƙaru, gudu ya ragu. Idan mai kaya ya ƙi a kwance, akwai dabara. Sai a riƙe taya ɗaya, a juya ɗayar sau biyu cif, ana ƙirga juyin bakin farfela. Abin da aka samu shi ne lissafin.

Daga nan sai taya. Zai zagaya ta da igiya ya auna. Wadda kewayenta ya kai mita 2 tana juyawa sau 500 a kilomita guda, wato kusan sau 833 a minti in ana gudun kilomita 100 a awa. A giya ta huɗu, inda yawancin giyabos ke miƙa juyin inji yadda yake, aksul mai 4.1 zai sa inji ya juya kimanin sau 3,400 a minti, mai 4.9 kuwa ya haura 4,000. Na biyun zai yi ƙara ya sha mai a kwalta, amma shi ne zai tashi da lodi a jigawa ba tare da ƙona kuloci ba. Ƙara girman taya kuma yana rage ƙarfin ja, don haka ba a zaɓar ɗaya a manta da ɗaya.

Wurin da ƙwarewa ta fi bayyana shi ne saiti. Gwani zai shafa fenti a haƙoran kirawun, ya juya da hannu, ya duba inda finiyan ya goge. Dole shaidar ta zauna a tsakiyar haƙori. In ta zame gefe, sai ya ƙara ko ya rage siraran washa, ya sake shafawa, ya sake juyawa, har ta daidaita. Ratar da ake bari tsakanin haƙora ba ta wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 10 na milimita ba. Mai gaggawa zai ɗaure haka nan, motar ta yi ta kuka a hanya har haƙora su cinye. Wani ma, don gudun kafewa a yashi, sai ya yi wa ƙananan giyoyin walda, daga baya taya ta riƙa ci a kwana, ƙarfen aksul ya karye. A ƙarshe sai man giya mai kauri, irin mai lamba 90, har ya kawo bakin ramin zubawa.

Yau Daura na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri. Ya kamata ɗalibansu su riƙa leƙa gareji, yaran gareji kuma su riƙe biro da takarda. Matashin da ke zaman majalisa yana jiran aiki ya faɗo, ya je ya durƙusa kusa da maigidan da ya iya wannan ƙirge, ya koya tun yana da mai koya masa.