Steam Deck Da Kayan Aikinta: Allah Ya Saka Wa Masu Linux

'Yan uwana masu Steam Deck, ba sai na tsaya yi muku gabatarwa ba, kun san daɗin abarku. Tun da Valve ta fito da ita a Fabrairun 2022 nake faɗa cewa kamar don mutanen Bukuru aka ƙera ta, duk da kamfanin ba ya sayar da ita a Najeriya, sai dai wani ya riƙo maka daga waje ko 'yan kasuwa su tsawwala maka kuɗi. Yau manhajojinta nake son mu yi hira a kai, don su ne suka gama da ni.

Proton ne sarkin gida. Deck na'urar Linux ce, SteamOS ɗinta a kan Arch aka gina shi, amma ga Elden Ring da The Witcher 3, gem ɗin da aka rubuta don Windows, suna gudu sumul a tafin hannunka, lafiya lau, ba gardama, saboda wannan ɗan tafinta mai hazaƙa da Valve da CodeWeavers suka ɗora a kan Wine tun 2018. Sihiri! Kafin ka ƙona data kan gem mai giga 60, leƙa ProtonDB ka ga abin da waɗanda suka riga ka gwadawa suka ce. In bidiyon cikin gem ya ƙi fitowa, ka koma Desktop Mode, ka sauke ProtonUp-Qt daga Discover, ka sa GE-Proton. Yawanci shi ke nan.

Amma EmuDeck, kai, EmuDeck! Duk wanda ya taso yana bin layi a gidan gem, yana biyan kuɗin wasa ɗaya, mai shago na tsaye a kansa da agogo, zai gane abin da nake nufi. Manhaja guda ce mai tsari, mai sauƙi, mai sanin ya kamata, da za ta jera maka PCSX2 na PlayStation 2, da PPSSPP na PSP, da Dolphin na GameCube da Wii, ta daidaita maɓallai da kanta, sannan Steam ROM Manager ya shigar da kowane gem cikin laburarenka da hotonsa tsaf. Na kwafe tsoffin faya-fayaina, yanzu God of War II da Winning Eleven suna jakata, ina buga su a keke napep daga Bukuru har Terminus a cikin Jos. Ba mai cewa lokacinka ya ƙare.

Sai maganar wuta, wadda a nan ita ce maganar komai. Danna maɓallin nan mai ɗigo uku, ka rage TDP daga wat 15 zuwa 7 ko 8, ka mayar da allo 40Hz, sai batirin nan mai 40Wh ya ja ka sa'o'i a kan tsoffin gem. An ɗauke wuta? Ko a jikinka. An kira salla? Danna maɓallin barci, ka dawo ka ci gaba daidai inda ka tsaya. A sanyin hunturun Jos ma fankar sai ta yi ladab, ɗumin bayanta kuma ya gasa maka yatsu kyauta.

Heroic Games Launcher na kawo maka Epic da GOG, kuma Epic na raba gem kyauta kowane mako, don haka talaka ma ya tara dukiya. Decky Loader kuwa kwalliya ce da jin daɗi, da su CSS Loader da SteamGridDB, sai dai wani lokaci in SteamOS ya yi ofdet sai ya yi fushi na kwana biyu.

Ƙorafi? Akwai. Shader ɗin da Steam ke saukewa kusan kullum yana shan data ba tausayi; in kana da kwamfuta a gida, kunna tura gem ta Wi-Fi tsakaninta da Deck, kada ka sauke abu sau biyu. Wanda ya fi ci mini rai shi ne EA Sports FC da Fortnite, da manhajar hana maguɗinsu ta ƙi Linux ƙememe. A garin da yaro ke koyon ƙwallo kafin ya iya ɗaura takalmi, wannan zalunci ne. Su riƙe kayansu. Mai jin ya isa ya zo da kwantirola mu kara a Winning Eleven, Brazil tawa ce.