Matar Razdan da Mutanen Bariki

A cikin shekarar 1908 aka buga wani littafi da Turanci a birnin Landan, mai suna A Resident's Wife in Nigeria, watau Matar Razdan a Nijeriya. Wadda ta rubuta shi wata Baturiya ce, Constance Larymore, matar wani hafsan soja wanda ya yi aikin Razdan a Arewa. Ta iso Lakwaja a 1902, shekara biyu ke nan bayan da Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a garin, ranar 1 ga watan Janairu 1900, ya karɓi mulki daga hannun Kamfanin Royal Niger. Littafin ya cancanci a dube shi da kyau, gama littattafan da suka ba da labarin zaman yau da kullum a barikokin farko ba su da yawa.

Littafin kashi biyu ne. Kashi na fari labarin rangadi ne da ta bi mijinta, bisa doki da cikin jirgin ruwa, zuwa Kabba da Bida da Keffi da Katagum da Haɗejiya da ƙasar Bargu. Ta shiga Kano ba da daɗewa ba bayan da Turawa suka ci birnin a 1903. A nan lalle ta yi abin yabo. Rahotannin da Lugga ya kan aika Ingila kowace shekara maganar yaƙi da doka da haraji ta fi yawa a cikinsu. Ita kuwa ta faɗi abin da a ke ci, da irin ɗakin da a ke kwana, da wahalar hanya da damina. Gani ya kori ji, wannan mace kuwa ta gani da idonta.

Kashi na biyu shawarwari ne ga matan Turawa masu niyyar zuwa ƙasar, a nan ne kuma aibin littafin ya fito fili. Akwai babi a kan gida, da babi a kan lambu, da babi a kan bargar dawaki, da babi a kan karnuka da kaji da shanu, har da babi a kan tufafin da ya kamata uwargida ta zo da su. Kuku da boyi sun sami shiga, amma ta fuska guda kaɗai, watau yadda za a zaɓe su, da yadda za a sa musu ido. Mai karatu zai gama littafin ya san yadda a ke kiwon doki a bariki, amma ba zai san inda ɗan alaro ya fito ba, ko abin da ya bari a gida, ko abin da ya ke tunani sa'ad da ya ke tafe da kaya kimanin laba 60 a kansa.

Wannan rashi babba ne, domin Turawa su ne mafi ƙanƙanta a cikin jama'ar bariki. A dubi Zungeru, wadda Hausawa ke kira Dungurum, inda Lugga ya mai da hedkwatarsa a 1902. Sojan da ke tsaron wurin yawancinsu Hausawa ne da Yarabawa. Akawuna da masu aikin hannu daga Ikko da Saliyo da Gwalkwas aka ɗauko da yawa daga cikinsu. Ga leburori, ga masinjoji, ga tafintoci, ga mata masu sayar da abinci. Waɗannan mutane, da harsunansu dabam dabam, su suka fara irin zaman cuɗanya da daga baya ya zama na Sabon Gari da Tudun Wada. A cikinsu aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, ɗan wani akawu, ya tashi yana jin Hausa, shi ne kuwa ya zama shugaban ƙasar Nijeriya na farko.

Har wa yau a Zungeru akwai gidan 'yantattun bayi, wanda gwamnati ta riƙe daga 1903 zuwa 1909. A can a ke ajiye yara da matan da aka ƙwato daga hannun fatake, waɗanda ba a san hanyar mai da su gida ba. A kan koya musu wanki da ɗinki da aikin gida, sa'an nan a ba da waɗansu ga masu riƙo. Yarinyar da aka sato daga garinsu, aka ƙwace ta a hanya, ta girma cikin baƙi, labarinta ya fi na lambun Razdan nauyi nesa ba kusa ba. Amma abin da ya wanzu nata bai wuce suna da lissafi a takardun ofis ba.

Me ya sa mace mai lura haka ta kasa ganin waɗanda ke kewaye da ita? Ba lalle ne a ce mugunta ce ba. Dalili na fari shi ne waɗanda ta rubuta dominsu: 'yan'uwanta ne na Ingila, abin da ya dame su kuwa shi ne yadda za su rayu a ƙasar zafi. Na biyu, ta zo da ra'ayin zamaninta, cewa Bature mai mulki ne, baƙin mutum kuwa abin mulka, wanda ya ɗauki haka kuwa ba ya tambayar baransa labarin kansa. Na uku shi ne tsarin barikin kansa, gidajen Turawa a gefe guda, na sauran jama'a a gefe guda. Daga baya ma, bisa dokar garuruwa ta 1917, aka ƙa'ida barin fili na yadi 440 tsakanin unguwannin biyu, wai don gudun sauro da zazzaɓi. Wanda ke hangen mutane daga nesa haka ba zai ji abin da su ke faɗi ba.

In ana so a ga girman abin da aka rasa, sai a gwada littafin da wani, watau labarin Baba ta Karo. Baba Bahaushiya ce, an haife ta wajen 1877, ta rasu a 1951. A Giwa ta ƙasar Zazzau ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta da Hausa, tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954. Zamanin da matar Razdan ta gani daga kan doki, shi Baba ta gani daga tsakar gida. Ta faɗi tsoron harin Mai Sudan na Kwantagora, da yadda a ke fansar dangi in an kama su, da yadda bayin rinji suka watse bayan zuwan Turawa, da sha'anin aure da kishi da ƙawance. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Abin da ya bambanta littattafan nan biyu shi ne, a ɗaya Baturiya ce ke magana, a ɗayan kuwa Baturiya ta yi shiru ta kasa kunne.

Duk da haka Baba mutuniyar karkara ce da tsofaffin garuruwa, ba ta bariki ba ce. Saboda haka gurbin yana nan. Hukuncin da ya dace da littafin Larymore shi ne a karanta shi kamar shaidar mutum guda a gaban alƙali. Abin da ta gani a karɓa, ra'ayinta game da mutanen ƙasa a auna shi, inda ta yi shiru kuwa a san akwai sauran shaidu da ba a kira ba.

Zungeru kanta ba ta daɗe da ɗaukaka ba. Aka tashi da hedkwata zuwa Kaduna wajen 1917, gine-gine suka zama kufai, ƙaramar gadar ƙarfe ta Lugga ma aka ciro ta aka kai Kaduna a 1954. Waɗanda suka ga zamanin nan da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, amma jikokinsu suna nan a Lakwaja da Zungeru da Kaduna da Sabon Garin Kano, da yawa kuwa sun riƙe abin da kakanninsu suka faɗa musu. Wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci yana da abin da kuku da ɗan alaro ba su samu ba, watau alƙalami. Ya kamata ya zauna da tsofaffin gidansu, ya tambaye su daga ina kakansu ya zo, wace sana'a ya yi, a wace unguwa ya sauka, ya rubuta da shekarunsa in an sani, ya adana. Allah ya sa a dace.