"Da Waya Kawai Aka Yi Shi": Tarken Wani Yabo da Ya Zama Ruwan Dare

Akwai wata jimla da ta kama bakin masu sharhi a kan ayyukan fasaha na wannan zamani, wato a ce, "Ka san kuwa da waya kawai aka yi shi?" Da zarar an faɗi haka sai kowa ya gyaɗa kai a yi shiru, kamar an gama magana. Manufar wannan ɗan tarke ita ce a nuna cewa a nan ne ma ya kamata magana ta fara, domin jimlar ba ta gaya mana komai game da kyau ko munin aiki ba, kayan aikin kurum ta ambata. Ba a taɓa jin manazarci ya yaba wa waƙar Aƙilu Aliyu ko ta Mu'azu Haɗeja saboda irin alƙalamin da aka rubuta ta da shi ba.

Ma'aunin da za a yi amfani da shi a nan tambaya ce guda: da za a ɗauke wayar salula a sa wata na'ura a madadinta, shin aikin zai sauya kama? Idan zai sauya, to wayar ta shiga cikin zubi da tsarin aikin, kuma ta cancanci a ambace ta a wajen tarke. Idan kuwa ba zai sauya ba, ambatonta labarin kuɗi ne ko na talla.

Babu misalin da ya fi fito da kashi na farko fili kamar wasan kiɗan nan mai suna Dialtones, wanda Golan Levin da abokan aikinsa suka gabatar a birnin Linz na ƙasar Ostiriya a shekarar 2001. Kafin a shiga zaure, 'yan kallo kimanin 200 suka ba da lambobin wayoyinsu, aka sa wa kowace waya sabon sautin kira, aka kuma ba kowa kujerar da zai zauna. Makaɗan da ke kan dandamali ba su riƙe goge ko algaita ba. Kwamfuta ce a gabansu, da ita suke kiran wayoyin jama'a bi da bi ko a tare, sai kiɗa ya riƙa tashi daga aljihun wannan ya koma na wancan, yana ratsa zaure. Abin lura shi ne, ƙarar waya a wurin taro abin kunya ce da ke sa mai ita rarraba ido. Levin ya ɗauki wannan abin kunyar ya mayar da shi jigon wasansa, ya kuma rushe katangar da ke tsakanin makaɗi da mai sauraro. A cire waya daga nan, babu abin da zai saura.

Haka abin yake ga ƙagaggun labaran waya na ƙasar Japan, waɗanda matasa, galibinsu mata, suka riƙa rubutawa da babban yatsa a kan ƙaramin allo. Ƙanƙantar allon ce ta haifar da salonsu na gajerun jimloli da yawan zance tsakanin taurari da ƙarancin siffantawa. A 2007, biyar daga cikin littattafan hikaya goma da suka fi kasuwa a ƙasar daga waya suka samo asali. Ana iya kushe su da rashin zurfi, an kuwa kushe su, amma ba a iya raba salonsu da na'urar. A fagen wasanni ma, wanda ya taɓa kora macijin nan na Snake, da ya fara fitowa a wayar Nokia 6110 a 1997, ya san cewa daɗin wasan gaba ɗaya yana cikin matsin fili: maciji na ƙara tsawo, allo bai ƙaru ba.

Matsalar tana soma kunno kai ne idan aka zo ga fim. Kusan duk wanda zai yi maganar fim ɗin waya sai ya kawo Tangerine na Sean Baker, wanda aka fara nunawa a bikin Sundance a 2015, aka kuma ɗauke shi da wayoyin iPhone 5s guda uku. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, an ɗaura wa wayoyin gilashi na musamman mai faɗaɗa hoto, an sa musu manhajar sarrafa haske, an naɗi sauti da na'urorin ƙwararru, sannan aka gyara launi a wajen tacewa. Kuɗin da aka kashe ya kai kimanin dala 100,000. Ƙarfin fim ɗin yana ga 'yan wasansa da saurin tafiyar labarinsa a titunan Los Angeles. Hasali ma, fim ɗin Baker da ya ci kyautar Oscar a 2025, wato Anora, da kyamarar sinima ta gargajiya aka ɗauke shi. A ganina, wurin da waya ta yi wa Baker aikin da wata na'ura ba za ta yi ba shi ne fitowar ƙarshe ta The Florida Project na 2017, inda ya shiga filin shaƙatawa na Disney da waya a hannu ya ɗauki yara biyu suna gudu, ba tare da neman izini ba. Babbar kyamara ba za ta wuce bakin ƙofa ba.

To, wa ke cin ribar wannan jimla tamu? Mai sayar da waya. A 2015 kamfanin Apple ya baza hotunan da masu amfani da iPhone 6 suka ɗauka a kan manyan allunan talla a biranen duniya, har tallar ta ci babbar kyauta a bikin tallace-tallace na Cannes. Ba za a hana ta yabonta ba, domin dabara ce mai kyau a bar hoto ya yi magana a maimakon a jera sunayen sassan na'ura. Sai dai saƙon da ke ƙarƙashinta shi ne fasaha tana cikin akwatin da aka sayo, ba cikin idon mai ɗauka ba. A 2023 kamfanin ya sanar cewa da iPhone aka ɗauki wani taronsa baki ɗaya, amma hotunan bayan fage da shi da kansa ya fitar sun nuna manyan fitilu da ƙugiyoyin ɗaga kyamara da tarin ma'aikata. Na Nokia ya fi muni: a 2012 aka hango inuwar mota da mai babbar kyamara a jikin gilashin wata taga cikin tallar Lumia 920, kamfanin ya fito ya nemi afuwa.

Wannan magana ta shafe mu a gida. A 2019 duniya ta ji labarin wasu samari a Kaduna masu kiran kansu The Critics, waɗanda ke shirya gajerun finafinan ƙirƙirar kimiyya da waya mai fasasshen allo da ƙyallen kore. A 2020 kuma yaran Ikorodu Bois na Legas suka kwaikwayi tallar fim ɗin Extraction fitowa bayan fitowa, da baro da tarkacen gida a madadin motoci da makamai. Idan aka ɗora su a kan ma'aunin da aka kafa a sama, na Ikorodu sun tsallake, domin raha da hikimar aikinsu suna cikin tazarar da ke tsakanin miliyoyin dalolin Amurka da baron unguwa. A ba su jirgin sama na gaske, barkwancin ya mutu. Amma kada a manta cewa aikin nasu ya zame wa masu fim ɗin talla ta kyauta, wadda miliyoyin mutane suka kalla.

Na Kaduna ne, a ra'ayina, wannan yabo ya fi cuta. Rahotannin da suka yi tashe a kansu sun tsaya ne ga fasasshiyar waya da ɗaukewar lantarki. Da wuya mai karatu ya ci karo da wanda ya tsaya ya warware jigon labaransu, ko ya ce ga inda zaren labari ya tsinke, ga inda zance ya yi rauni, ga inda hoto ya faɗi abin da baki bai faɗa ba. Yabon da ya ginu a kan "duk da halin da suke ciki" ɗan'uwan tausayi ne, kuma ɗalibin da ya rubuta gajeren labari ya kawo wa wannan mujalla ba zai so a ce masa ya yi ƙoƙari tun da a fitilar ƙwai ya rubuta shi ba. Yana son a gaya masa ko tauraronsa ya rayu a kan takarda.

A 2020 J.J. Abrams ya aika wa samarin Kaduna kayan aiki, Netflix kuma ya aika wa na Ikorodu. Abin da aka cika akwatunan da shi kyamarori ne da kwamfutoci.