Zoben agogon da ya juya ta inda ba ya juyawa

Cikin hutun nan na karanta wani labarin soyayya da wata ƙanwarmu a harkar rubutu ta aiko mini. Na ji daɗin hausarta, kuma ta iya jan zare. Amma akwai babi guda da ya tsaya mini a wuya, kuma a kansa ta ɗora labarin gaba ɗaya.

Tauraron ɗan attajiri ne, ya tafi Kribi ta ƙasar Kamaru, ya shiga nutso a teku da tukunyar iska a bayansa, da sabon Rolex Submariner da amaryarsa ta saya masa. A ƙarƙashin ruwa hannunsa ya bugi dutse, zoben da ke kewaye da gilashin agogon ya goce, ya nuna masa cewa minti 20 ya yi alhali ya yi 35. Ya saki jiki, iska ta ƙare, aka fito da shi rai a hannun Allah. Daga nan dangin miji suka ce amarya ce ta shirya masa.

Ƙanwata, sabon agogon nan ba ya irin wannan ƙaryar. Zoben yana da zanen minti 60. Kafin mai nutso ya shiga ruwa, yakan juya shi har alamar sifili ta daidaita da dogon hannun agogo, sai ya riƙa karanta mintocin da ya ci a jikin zoben. Gefe ɗaya kawai yake juyawa, saɓanin tafiyar hannun agogo, da ɗan ƙas-ƙas har sau 120 kafin ya zagayo. In dutse ya ture shi da minti 5, wanda ya yi 20 zai ga 25, ya fito da wuri. Da gangan aka ƙera shi ya yi kuskure ta wajen tsira, domin wanda ya daɗe a zurfi iskar naitirojin na taruwa a jikinsa, in ya taso da gaggawa ta yi kumfa a jini, ta shanye gaɓoɓi ko ta kashe. Ƙa'idar ISO 6425, wadda ta fayyace abin da ya cancanci a kira agogon nutso, ta shar'anta a kare zoben daga juyawar da ba a nufa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mafita tana kusa da ita. Submariner na farko, na 1953, da waɗanda suka biyo shi har shekarun 1970, zobensu gaba da baya yake tafiya. Da ta ba yaron tsohon agogon mahaifinsa, da babin ya zauna daram, har ya ƙara nauyi: gadon uba ne ya kusa halaka ɗa, ga amarya ana tuhumarta kan abin da ba ita ta kawo ba. Ko kuma ta bar shi sabo, ta nuna mana tun babi na uku cewa ɗan ƙarfen da ke riƙe zoben ya karye, yaron ya ji ƙas-ƙas ɗin ya ɗauke, ya yi ko oho. Maƙeran da kansu sun sha fama da wannan matsala. Omega har maɓalli ja suka sa wa Ploprof, sai ka danna shi zoben ke motsi.

Sannan iskar da ta rage a tukunya ba a agogo ake duba ta ba, tana da ma'auninta daban da ke rataye a jikin mai nutso. Yawancinsu ma yau ƙaramar kwamfuta suke ɗaurawa a hannu.

Na san za a ce ai labari ne, a fim ɗin Live and Let Die na 1973 ma zoben agogon James Bond zarto ya zama ya yanke igiya. Haka ne. Sai dai can an gaya wa mai kallo wasa ake. Ita kuwa ta nemi mu yi kuka, ta nemi mu yarda cewa auren yarinya ya mutu saboda wannan zobe.

Laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Mun saba jera sunayen agogo da mota da turare don a san tauraro mai kuɗi ne, ba mu damu da yadda abin ke aiki ba. Muddin ado ne kawai, ba mai kama ka. Ita ta yi ƙoƙarin da ya fi namu, ta sa kayan ado ya yi aiki a cikin labari, shi ya sa kuskuren ya fito fili. Na mayar mata da rubutun, na ja layi a shafi uku, na ce ta nemi hoton motsi na agogon ta kalli yadda zoben ke juyawa kafin ta taɓa babin.