Gwanin da ke Bin Sawun Sauti

Idan kwamfutar tebur ta yi gum, shawarar da aka fi saurin bayarwa ita ce a goge Windows a zuba sabuwa. Gwanin gyara ba ya wannan gaggawar. Ya san sauti zango-zango yake tafiya: daga manhaja zuwa direba, daga nan zuwa ɗan guntun na'urar da ke kan madabod, wanda galibi na kamfanin Realtek na Taiwan ne, sannan ya bi waya ya isa lasifika. Shi dai nemansa zangon da tafiyar ta tsaya.

Da abin da ba ya cin ko sisi yake farawa. Ya leƙa bayan akwatin: koren rami na lasifika ne, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigo da sauti daga wata na'ura. Microsoft da Intel ne suka daidaita launukan a ƙa'idar PC 99, amma har gobe ana soka waya inda ba gurbinta ba. Sai ya zare lasifikar ya jona ta da wayar hannu. In ta yi magana, ta fita daga zargi.

Daga nan ya tambayi mai ita: "Alhaji, kwanan nan an canza allo?" Tambayar nan tana burge ni, domin wayar HDMI hoto da sauti take ɗauka tare, kuma Windows kan karkatar da sautin zuwa sabon allon ko da ba shi da lasifika. Ba abin da ya lalace, zaɓi ɗaya za a mayar. Direba kuwa, alamar rawaya a Device Manager ke tona asirinsa. In ramukan gaban akwatin ne kaɗai suka mutu, ya buɗe akwatin ya duba siririyar wayar da aka rubuta wa HD Audio, tsarin da Intel ta fitar a 2004 ya gaji AC'97.

Amma inda gwaninta ke fitowa sosai shi ne lokacin da sautin yana nan, sai dai ba shi da tsabta. A nan kunne ke aiki, don kowace ƙara da dalilinta. Gurnani mai kauri da ba ya yankewa na wutar lantarki ne, mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma yakan taso idan kwamfuta da amfilifaya suna soket daban-daban. A haɗa su a soket guda, sau da yawa ya lafa. Siririyar tsuwwa mai canzawa idan an motsa linzamin kwamfuta kuwa, daga cikin akwatin take, maganinta katin sauti na USB da zai fitar da aikin waje. Ƙas-ƙas ɗin da ke ɓata wa masu situdiyo ɗaukar waƙa kuwa, alama ce cewa ma'ajiyar da sauti ke jira a cikinta ta yi ƙanƙanta. Sai ya ɗaga ta daga 128 zuwa 256 ko 512, ya sa mawaƙin ya sake rerawa, yana sauraron ko muryar ta fara makara a kunnensa.