Rigar waya: gwanintar tana kusurwa

A kasuwar Dembe da ke Ndjamena, da wuya ka ga teburin mai caja da batir ba ka ga rigunan waya rataye a kansa ba, baƙaƙe da jajaye da masu ƙyalƙyali. Kaya ne masu araha. Daga masana'antun Sin suke fitowa, akasarinsu su sauka tashar jiragen ruwa ta Duwala, su ratsa Kamaru a mota har Kuseri, su haye gadar Ngeli. Mai saye launi yake dubawa, ya taya, ya biya, ya wuce. Amma wanda ya tsara rigar kirki ya zauna ya yi lissafi, kuma lissafin ya cancanci yabo.

Wayar da ta suɓuce daga tsayin mita 1 tana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 16 a sa'a. Siminti ba ya lotsawa, saboda haka duk wannan gudun a take yake ƙarewa. In kuwa a kan kusurwa ta sauka, wurin da bai fi ƙwayar gero ba shi zai sha dukan gaba ɗaya, daga nan tsaguwa ta ɗauki hanya ta ratsa gilashin. Aikin mai tsara riga shi ne ya ja wa faɗuwar lokaci, ya kuma raba ƙarfinta ga sauran jikin wayar. Shi ya sa ake haɗa roba iri biyu: mai laushi, wadda ake kira TPU, ita ke lotsawa ta shanye duka, mai tauri kuma ta riƙe baya kada wayar ta lanƙwashe. Juya riga mai kyau ka leƙa cikin kusurwoyinta huɗu. Za ka ga an bar 'yan ramuka, ko an yi wani zane kamar saƙa. Ba ado ba ne, iska aka tanada a wurin domin robar ta sami inda za ta matse kafin dukan ya kai ga wayar. Sai kuma leɓen da ke zagaye da fuska, wanda ya ɗara gilashin da milimita 1 ko sama da haka kaɗan, da zoben da ke kewaye da kyamara. In wayar ta kife ko ta faɗi ta baya, su ne ke taɓa ƙasa.

A jikin kwalin wasu riguna za ka ga an rubuta MIL-STD-810, wato ma'aunin gwajin kayan sojan Amurka. A tsarin da aka fi ambata, ana sakin abu sau 26 daga tsayin santimita 122 a kan katakon da aka shimfiɗa bisa kankare: sau 6 a kan fuskoki, 12 a kan gefuna, 8 a kan kusurwoyi. Sai dai ƙa'idar ta yarda a raba faɗuwar tsakanin samfuri har guda 5, kuma babu wata hukuma da ke bin masu buga kwali tana duba gaskiyarsu. Ni dai na fi yarda da babban yatsa: danna kusurwar, in ka ji ta ba da wuri ta dawo, da sauƙi.

Ndjamena kuma tana da nata sharuɗɗan. Kamfanin Apple ya ce an yi wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, alhali a watan Afrilu zafin rana a birnin yakan haura 40. Waya ta bayanta take fitar da zafi, riga mai kauri kuwa rufe shi take yi. Ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, da ya ɗaure wayarsa a kan babur da tsakar rana, sannan ya jona ta caji da dare tana cikin baƙar riga, shi ke rage wa batirinsa kwana. Mai tsari da ya san aikinsa yakan kai kaurin kusurwa, ya bar bayan da sauƙi. Ga kuma ƙura. Lokacin hunturu iska na kwaso ta daga arewa, inda kwarin Bodele yake, wurin da masana ke sa shi a sahun gaba wajen tayar da ƙura a duniya. Yashi ya fi gilashin waya tauri, kuma in riga ta yi sako-sako, sai ya shige tsakani ya yi ta gugar bayan wayar a ɓoye, ranar da aka tuɓe ta a ga ta yi furfura. Farar robar nan da ake ganin waya ta cikinta, rana ce ke mai da ita rawaya, ba dauɗa ba, kuma sabulu ba ya maganinta.

Dukawanmu sun riga masana'antu sanin dabarar haɗa tauri da laushi. Alƙur'ani rubutun hannu, wanda ganyensa ba a ɗinke suke ba, a cikin tadarishi mai tauri ake sa shi, sannan a zura a gafaka mai marfi. Tauri a ciki, laushi a waje, hannuwa biyu na kariya ke nan. Da wayoyin Nokia suka bazu, baduku bai sha wahala ba wajen yi musu kube mai maƙalawa a ɗamara. Yakan sassaƙa katako daidai girman wayar, ya jiƙa fatar da aka jeme da bagaruwa, ya ja ta a kan katakon yana dannawa har ta kwanta, ya bar ta ta bushe a inuwa. Ɗinkin yana waje, kada zare ya karce gilashi, kuma yakan bar ɗan sarari don ya san fata na tsukewa in ta bushe. Abin da ya rage masa kasuwa shi ne wayar yanzu fuska ce gaba ɗaya, ana son a taɓa ta ba tare da an zaro ta ba.

Gwanintar da ta rage a bakin tebur ita ce ta ido. Tecno da Itel da Infinix, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen, suna sakin sabon samfuri a kai a kai, kowanne da inda ya matsar da kyamararsa ko maɓallinsa. Rigar da ta kauce kaɗan sai ta danne maɓallin kashewa ko ta toshe ramin magana, a yi ta zargin sabis. Yaron da ya ƙware zai karɓi wayarka ya juya bayanta, kafin ka gama faɗin sunanta ya zaro tata daga tsakiyar tarin. Zai share bayan da tsumma, ya fara sa kusurwoyin sama, ya bi na ƙasa da yatsa, ya latsa kowane maɓalli, ya gwada ko kan caja na shiga har ƙarshe. In ka nace sai mai ƙyalƙyali wadda ba ta zauna ba, zai kife wayar a kan tebur ya ce, "Alhaji, duba, gilashin na taɓa katako. Ɗauki baƙar nan, kuɗinsu ɗaya."