Araha da Kiyayewa Wajen Zaɓen Kwanson Harsashi

A ƙasar Amurka, da kuma wasu ƙasashen Turai gwargwadon abin da dokokinsu suka yarda, mafarauta da masu wasan harbin faifan yumɓu sun fi shekara ɗari suna riƙe da al'adar sake ɗura harsashin bindigar farauta mai watsa ƙwayoyi, wato su ɗauki kwanson da aka riga aka harba su mayar masa da kayan cikinsa da ɗan injin hannu, har ya sake zama harsashi. Dokar Amurka ta halatta wa mutum wannan aiki don amfanin kansa, saɓanin Najeriya, inda Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko harhaɗa shi ba tare da izinin hukuma ba. A 'yan shekarun nan wani sabon yayi ya shigo cikin masu wannan sana'a, inda da yawansu suka bar tsadaddun kwansunan da iyayensu suka amince da su suka koma ga masu araha irin ƙirar Turai, waɗanda ake saye cikin buhu ko a tsinta a filin harbi. Yayin yana da hujjoji masu ƙarfi, amma ya zo da wata ɗabi'a da ta cancanci suka, ita ce ɗaukar kowane kwanso a matsayin daidai da ɗan'uwansa muddin ya shiga bindiga.

Mai bindigar toka yana zuba albarushi ta bakin bindiga, ya danna tsumma, ya zuba dalma, ya sake toshewa. Harsashin zamani ya tattara waɗannan matakai duka a cikin mazubi ɗaya, kuma wannan mazubi shi ne kwanso. A gindinsa akwai hular ƙarfe mai rami a tsakiya inda makunni yake zama, wato ɗan ƙaramin kofin da ke tartsatsi idan allurar bindiga ta doke shi, wanda a Amurka ake kira da lamba 209. A kan makunni albarushi yake, a kan albarushi kuma matoshi, wanda roba ce mai siffar kofi a ƙasa don tare hayaƙin wuta da wani kofin a sama don riƙe ƙwayoyin dalma, sa'an nan a rufe bakin kwanson da kalmasa mai ninki shida ko takwas. Akwai kuma wani sashe da ido ba ya gani daga waje, shi ne daɓen ciki, wato abin da aka cika ƙasan kwanson da shi a kewayen makunni, kuma tsayinsa da siffarsa su ne ke ƙayyade yawan filin da ya rage wa albarushi. Girman harsashi ana auna shi da geji, wanda asalinsa shi ne adadin dunƙulen dalma masu faɗin bututun bindigar da za su cika nauyin fam ɗaya, shi ya sa geji 12, mai faɗin kusan milimita 18.5, ya fi geji 20 girma.

Daga cikin kwansunan farko akwai na tagulla zalla, sa'an nan na takarda mai kaki suka mamaye kasuwa tun ƙarshen ƙarni na 19, har zuwa 1960 lokacin da kamfanin Remington ya fito da na roba. A 1965 kamfanin Winchester ya fito da samfurin AA, wanda aka matse jikinsa da daɓensa daga roba guda ɗaya ba tare da haɗi ba, kuma bangonsa yana ƙara kauri yayin da yake gangarawa ƙasa, ta yadda cikinsa ya tsuke a gindi. Wannan kwanso ya zama ma'aunin masu sake ɗuri na kusan shekara talatin da biyar, domin kalmasarsa tana komawa kan tsohon ninkinta ba gardama, kuma yana jure ɗuri sau da yawa kafin bakinsa ya tsage. A tsakiyar shekarun 1990 Remington ya kawo samfurin STS mai irin wannan gini na roba guda, wanda a yau mutane da yawa ke ɗauka shi ne mafi ƙarko, har wasu kan ɗura shi sau goma ko kusa da haka. A wancan zamani zaɓi bai da wahala: mutum yana da injin MEC na jihar Wisconsin a kan teburinsa, da buhun kwanso iri ɗaya, da littafin ƙa'idojin ɗuri ɗaya, kuma zai iya shekara ashirin bai canza komai ba.

Kwanson Turai ginin daban gare shi. Ana fitar da doguwar bututun roba daga inji, ta hanyar da aka fi sani da sunan kamfanin Reifenhäuser na Jamus, a yanka ta gunduwa gunduwa, a saka mata daɓe na daban, a ɗaure su da hular ƙarfe. Bangonsa siriri ne kuma miƙaƙƙe daga sama har ƙasa, saboda haka cikinsa ya fi faɗi. Irin wannan ne Cheddite na Faransa da Fiocchi na Italiya da Rio na Sifaniya suke yi, kuma ƙananan kamfanoni da yawa suna sayen kwansunan su buga sunansu a kai. Dalilai da dama suka haɗu suka ɗaukaka shi a Amurka. A farkon shekarun 2000 Winchester ya daina matsa AA daga roba guda ya koma ga sabon gini mai daɓe na daban da ya kira HS, abin da ya rage wa tsofaffin masu sana'a amincewa. Tun 1991 an hana harbin agwagin daji da sauran tsuntsayen ruwa da dalma a duk faɗin Amurka, kuma ƙwayoyin baƙin ƙarfe da suka maye gurbinta sun fi ta rashin nauyi, don haka suna bukatar fili mai yawa, wanda miƙaƙƙen kwanso ya fi bayarwa. Sai kuma ƙarancin kaya na 2020 da 2021, lokacin da Remington ya durƙushe aka sayar da masana'antar harsashinsa ta Lonoke a jihar Arkansas, makunnan Amurka suka yi wuyar samu, mutane suka rungumi na Turai da kwansunansu saboda su ne a kasuwa.

Adalci ne a faɗi cewa wannan sauyi ya kawo alheri. Sabon kwanso da aka saya da makunninsa a ciki bai taɓa ganin wuta ba, kuma ya fi tsohon kwanso mai suna da aka gaji da ɗurawa aminci. Faɗin cikinsa ya buɗe ƙofa ga nau'o'in ɗurin farauta da tsukakken kwanso ba ya iya ɗauka, kuma masu tsofaffin bindigogin Ingila, waɗanda mazaunin harsashinsu inci biyu da rabi ne, suna samun sauƙin datse shi su naɗe bakinsa a kan ɗan faifan kwali. Mafaraucin da zai harba a cikin ciyawa ko fadama, inda ba lallai ya ga kwanson ba bayan ya faɗi, ba shi da dalilin sayen wanda zai jure ɗuri goma. Saboda haka karin maganar da ke cewa araha ba ta ado bai kama wannan kwanso gaba ɗaya ba, domin idan an yi masa ɗurin da ya dace da gininsa yana aikinsa ba aibi.

Matsalar tana farawa ne daga inda mai sana'a ya ɗauki ƙa'idar ɗurin da aka gwada a wani kwanso ya zuba ta a wani. Ƙa'idar ɗuri, kamar yadda kamfanonin albarushi irin su Hodgdon da Alliant ko littafin Lyman suke wallafa ta, jerin abubuwa biyar ne da aka gwada tare a bututun gwaji mai na'urar auna matsi: wane kwanso, wane makunni, wane albarushi da nauyinsa, wane matoshi, da nauyin ƙwayoyi. Kwanso shi ne na farko a jerin domin shi ne ɗakin da wuta ke tashi a ciki, kuma albarushi guda a ɗaki mai ƙunci yana haifar da matsi fiye da wanda zai haifar a ɗaki mai faɗi. Ƙungiyar SAAMI, wadda masu ƙera makamai da harsasai na Amurka suka kafa a 1926, ta ƙayyade matsakaicin matsi mafi girma na geji 12 mai tsawon inci biyu da kashi uku cikin huɗu a kan fam 11,500 a kowane murabba'in inci, adadin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da manyan bindigogi masu harsashi ɗaya ke ɗauka ba. Bututun bindigar farauta siriri ne, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne cewa kwansonta ba ya nuna alamar gargaɗi. Mai sake ɗurin harsashin tagulla yana iya ganin makunni ya baje ko kwanso ya maƙale ya gane ya wuce iyaka, amma harsashin farauta yana iya zarce iyakarsa da nisa ya fito da kyan gani kamar babu abin da ya faru.

Akasin haka ma yana da nasa haɗari. Matoshin da aka yi don tsukakken kwanso yana da ƙaramin kofi a ƙasa, kuma idan aka saka shi a miƙaƙƙen kwanso sai ya bar rata a kewaye, ta inda ƙwayoyin albarushi ke silalewa sama yayin da harsashi ke girgiza a aljihu ko a mota, kuma ta inda hayaƙin wuta ke kufcewa lokacin harbi. Sakamakon shi ne harbi mai rauni da ƙarar da ba ta kai ba, musamman a lokacin sanyi, kuma a mafi munin hali matoshin yana tsayawa a tsakiyar bututu, inda harsashi na biyu zai tarar da shi ya kumbura bututun ko ya fasa shi kusa da hannun mai harbi. Haka nan wasu makunnan Turai sun ɗan fi na Amurka kauri, ta yadda ramin da ya taɓa ɗaukar su yakan buɗe, idan kuma aka mayar masa da na Amurka sai ya zauna sako sako, hayaƙi ya riƙa fita ta gindi ko makunnin ya faɗo cikin kayan bindigar.

Abin da ke ƙara rikitar da sabon shiga shi ne cewa alamomin da ido ke fara gani ba su da tabbas. Tsayin hular ƙarfe, wanda mutane da yawa ke ɗauka alamar ƙarfi ce, gado ne daga zamanin takarda, kuma a kwanson roba bai faɗin komai game da abin da ke ciki. Yawancin waɗannan huluna ma baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa ruwan tagulla, kamar yadda maganaɗisu ke nunawa nan take. Launi bai da amfani sai a abu guda, wato rawaya da aka keɓe wa geji 20 a Amurka don kada ya shige bututun geji 12 ya maƙale a gaba. Sunan da aka buga a jiki shi ma bai isa ba, domin kamfani ɗaya yana iya sayar da harsasai masu gini biyu ko uku, kuma mallakar kamfanonin kanta tana sauyawa, kamar yadda kamfanin CSG na ƙasar Cek ya sayi mafi yawan hannun jarin Fiocchi a 2022, sa'an nan a 2024 ya sayi rukunin da ke yin harsasan Federal da Remington. Ko sabon AA da tsohonsa, waɗanda a geji 12 ake amfani da ƙa'ida ɗaya a kansu, a geji 28 da ƙaramin .410 kowanne da ƙa'idarsa daban. Hanyar da ba ta yaudara ita ce wadda tsofaffin masu sana'a ke bi: a ɗauki kwanso ɗaya da aka harba daga kowane sabon tari, a tsaga shi gida biyu daga baki zuwa gindi da ƙaramin zarto, a duba ko bangon ya yi kauri a ƙasa ko ya miƙe, ko daɓen na roba ne ko na naɗaɗɗiyar takarda, da kuma inda tsayinsa ya tsaya.

Tsintar kwanso a filin harbi, wadda ita ce ƙololuwar neman araha, ta fi kowane ɓangare na yayin bukatar tsantseni. Kwanson da ya kwana a raɓa ko ruwan sama, idan daɓensa na takarda ne, yana sha ya kumbura, sa'an nan ya bushe ya saki, kuma daɓen da ya saki yana iya bin ƙwayoyi ya tsaya a bututu. Wanda ya tsinta bai san sau nawa aka ɗura shi ba, bai kuma san wane makunni ya taɓa zama a cikinsa ba. Mafi ƙarancin abin da ya wajaba shi ne a haska tocila cikin kowane ɗaya don ganin laka ko tsakuwa ko daɓen da ya ɗago, a murza bakin tsakanin yatsu don jin ko robar ta bushe ta fara tsagewa, a kuma jefar da duk wanda aka yi shakka a kansa.

Masu kare sassauci suna cewa mutane da yawa sun shekara suna gauraya kwansuna ba abin da ya same su, kuma maganarsu gaskiya ce a zahiri, domin ɗurin wasan faifai yawanci mai sauƙi ne kuma bindigogin zamani an gina su da rarar ƙarfi. Sai dai wannan rara an tanade ta ne don kurakuran da ba a yi niyya ba, kamar ma'aunin albarushi da ya ɗan zarce ko harsashin da ya yi zafi a cikin mota, kuma wanda ya cinye ta da gangan tun a kan tebur bai bar wa irin waɗannan ranaku komai ba. Ƙari a kan haka, al'adar da aka koya a ɗuri mai sauƙi ita ce za a ɗauka zuwa ɗurin baƙin ƙarfe, wanda ke aiki dab da iyakar matsi, kuma ita ce za a koya wa yaron da ke tsaye kusa da injin yana kallo.

Abin da ya fi dacewa shi ne a juya tsarin zaɓen da yayin ya kawo. Maimakon a tara kwanso tukuna sa'an nan a nemi abin da za a zuba masa, mai sana'a ya fara da aikin da yake nufi, ko faifan yumɓu ne ko agwagwa, ya nemo ƙa'idar da aka gwada aka wallafa don wannan aiki, sa'an nan ya sayi ainihin kwanson da ƙa'idar ta ambata, ya kuma taƙaita kansa ga iri ɗaya ko biyu a kowane geji, kowanne a mazubinsa da rubutu a jiki. Su ma kamfanoni akwai hakki a kansu, domin buga wata 'yar alama a gindin kwanso da ke nuna wanda ya ƙera shi da irin daɓensa ba zai ci musu kuɗi mai yawa ba, kuma masu wallafa ƙa'idoji ya kamata su ƙara yawan gwajin da suke yi a kan kwansunan Turai tun da su ne yanzu a hannun jama'a. Kafin hakan ta samu, nauyin tantancewa yana kan mai ɗuri, kuma kwanson da ya kasa gano gininsa bai kamata ya hau injinsa ba, komai kyansa kuma komai araharsa.